Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Manhaja: Abin da Ya Kamata Ma'aikatan Adar Su Sani

Garin Bambeye yana kudu maso yammacin birnin Tawa, a cikin ƙasar Adar. Gari ne na sarautar kanto tun kafin a yi masa komin, kuma a ƙidayar jama'a ta 2012 an sami fiye da mutum dubu 100 a cikin garuruwa da ƙauyukan da suke ƙarƙashinsa. Tun daga lokacin da dokar 2002 ta kafa komin-komin a faɗin ƙasa, aka kuma yi zaɓen farko na kansiloli a watan Yuli na 2004, ayyuka masu yawa waɗanda dā sai an je babban gari, sun sauko kusa da talaka: takardar haihuwa, takardar aure, lissafin kuɗin kasuwa, kasafin kuɗin shekara. A Bambeye da Afala da Kalfu da Takanamat, da sauran komin-komin na jahar Tawa, wani sashe babba na wannan aiki yana bi ta cikin kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinatar.

To, ita wannan na'ura tana da wani ciwo da ba a cika yi wa jama'a bayaninsa ba. Jiya tana aiki lafiya. Da yamma aka haɗa ta da intanet, ta jawo wani abu da kanta, ko kuwa wani ya ga saƙo yana cewa akwai sabon bugu ya danna. Da safe manhajar da ake aiki da ita kullum ta ƙi buɗewa. Ba a jiƙa na'urar ba, ba ta faɗi ba, ba wanda ya taɓa ta da mugun nufi. Amma uban da ya taso daga ƙauye tun asuba don karɓar takardar haihuwar ɗansa, wadda in babu ita yaron ba zai zauna jarrabawar BEPC ba, sai a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Kuɗin mota ya tafi, yinin gona ya tafi.

Uwa da ƴaƴanta

Domin a fahimci dalili, dole a san cewa manhajojin da suke cikin kwamfuta ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai babba guda, wadda ita ce take tayar da na'ura, take magana da allo da rumbun ajiya da na'urar buga takardu. Ita za a iya kira uwar manhaja, kuma wadda ta fi yawa a ofisoshin ƙasar nan ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. Sauran duka, watau ta rubutu, da ta lissafi, da ta shiga intanet, a kanta suke zaune. Ba su ɗauke da dukan kayan aikinsu. Duk abin da suke bukata sai su roƙa wurin uwar, ita kuwa ta miƙa musu.

Magini a Adar ya san cewa bangon da aka yi don ya ɗauki rufin kara ba a ɗora masa rufin siminti. Haka abin yake a nan. Masu ƙera manhaja suna gina kowane sabon bugu bisa abin da sabuwar uwa take iya bayarwa. Ran da sabon bugun ya sauka a kan tsohuwar uwa, ya roƙi abin da ba ta taɓa mallaka ba, sai ya tsaya cik. Ba lalacewa ya yi ba, kuma na'urar ma ba ta lalace ba.

Kowace uwa tana da ranar da kamfaninta yake daina kula da ita, kuma ba a ɓoye ranar. Windows XP ta fito a 2001, aka daina kula da ita ran 8 ga Afrilu 2014. Windows 7, wadda ta fito a 2009, kuma har yanzu ake samunta a kan tsofaffin na'urori masu yawa, wa'adinta ya cika ran 14 ga Janairu 2020. Ita ma Windows 10 nata ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai kamfanin ya buɗe wata ƙofa ta ƙarin gyaran tsaro, wadda ga mai na'urar gida aka yanka mata iyaka ran 13 ga Oktoba 2026, ga ma'aikatu kuwa aka sa mata kuɗi, dalar Amurka 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko.

Idan uwa ta cika wa'adi, ƴaƴan ba sa watsewa rana ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya suke janyewa. Chrome, manhajar shiga intanet ta kamfanin Google, ta tsaya wa Windows 7 a bugu na 109, a farkon 2023. Firefox ta tsaya a bugu na 115, ko da yake Mozilla ta yi ta ƙara wa wannan bugu wa'adin gyaran tsaro sau da dama saboda yawan masu tsofaffin na'urori. LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta, ta bar Windows 7 daga bugu na 25.8 da ya fito a watan Agusta 2025. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin lafiya, domin DHIS2, tsarin da ake tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan a cikinsa, ta hanyar manhajar shiga intanet ake buɗe shi, kuma tsohuwar manhaja ba kullum take iya nuna sababbin shafuna daidai ba.

Kada a yi gaggawar wankewa

Kuskure mafi tsada shi ne wanda aka fi yi. Ana ɗaukar na'ura a kai wa mai gyara a birni, shi kuwa, don ya gama da wuri, sai ya share rumbun ƙaf ya zuba sabuwar manhaja, abin da suke kira formate. Na'ura ta dawo tana gudu, amma lissafin shekara uku ya bi ruwa. Garin neman gira an rasa ido. Saboda haka matakin farko, kafin a taɓa komai, shi ne a kwashe kundayen aiki a zuba a cikin kile ko wani rumbu na waje. Ko da Windows ta ƙi tashi gaba ɗaya, mai gyara na ƙwarai yana iya tayar da na'urar daga kile, ko ya cire rumbun ya haɗa da wata, ya kwashe abin da yake ciki. Duk wanda ya ce sai an wanke tukuna, to, a tambaye shi ko ya kwashe.

Bayan wannan sai a karanta abin da na'ura ta rubuta. Yawancin mutane suna rufe ɗan akwatin saƙon da sauri kamar wanda ya ga kunama, alhali kuwa a cikinsa maganin yake. Ya kamata a ɗauki hotonsa da waya, ko a kwafe shi a takarda harafi da harafi, domin saƙonni biyu suna iya kama da juna ƙwarai amma maganinsu ya sha bamban. Ga misali. Idan Windows 7 ta ce ba ta sami api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll ba, wannan ciwo ne mai magani: akwai wani gyara na Microsoft mai lamba KB2999226 wanda yake kawo abin da ya ɓace, muddin na'urar tana da babban gyaran nan na 2011 da ake kira SP1. Amma idan ta ce api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ne babu, to, wannan ba ya cikin kayan Windows 7 tun asali. Ma'anar saƙon ita ce manhajar ta sabuwar uwa ce, kuma babu abin yi sai a koma tsohon bugu. Haka kuma idan saƙon ya ce ba a sami wata mashiga a cikin KERNEL32.dll ba, galibi zancen ɗaya ne.

A nan akwai tarko. Duk wanda ya rubuta sunan irin wannan kundi a intanet zai ga shafuna barkatai suna tayin ba shi kyauta. Bai kamata a karɓa ba. Ba a san wanda ya ƙera su ba, ba a san abin da aka cusa a ciki ba, kuma na'urar da take riƙe da sunayen jama'a da ranakun haihuwarsu ba wurin gwaji ba ce.

Wani abin da ake mantawa da shi, ga shi kuwa mafi arha, shi ne agogo. A cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan batir mai faɗin tsabar kuɗi, galibi lambarsa CR2032, wanda aikinsa shi ne riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. Bayan ƴan shekaru yakan mutu, sai na'ura ta farka tana zaton tana cikin wata shekara da ta wuce tuntuni. Shafunan intanet kuwa suna ɗauke da takardun shaida masu ranar farawa da ranar ƙarewa. Na'urar da agogonta ya ɓata za ta ga kowace shaida kamar ta ƙarya, ta ƙi buɗe shafi, ta ƙi karɓar gyara. Na'urori da yawa an yanke musu hukuncin mutuwa alhali batir ɗin nan kawai suke bukata. Wani lokaci kuma agogo daidai yake, shaidar ce ta tsufa: ran 30 ga Satumba 2021 wata babbar shaida mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, tsofaffin na'urori da yawa a duniya suka wayi gari ba sa iya buɗe shafunan da suka saba buɗewa.

Irin wannan ne ya faru a 2019, lokacin da Microsoft ta sauya irin hatimin da take buga wa gyare-gyarenta, ta koma wanda ake kira SHA-2. Windows 7 da ba a koya mata karanta sabon hatimin ba, ta hanyar gyara mai lamba KB4474419 da abokinsa KB4490628, takan ƙi sababbin gyare-gyare, har da wasu manhajojin kashe ƙwayar cuta da na haɗa na'urar buga takardu. Na'urar da ta daɗe a ƙauye ba ta ga intanet ba, sau da yawa a nan matsalarta take.

Komawa baya

Idan an tabbata sabuntawa ce ta jawo ciwo, Windows tana da hanyar komawa. Akwai abin da take kira Restauration du système, wanda yake maido da na'ura yadda take a wata rana da ta wuce. Yana cire manhajoji da gyare-gyaren da aka zuba bayan wannan rana, amma ba ya taɓa wasiƙu da hotuna da kundayen lissafi. Idan na'urar ba ta kai ga buɗewa, a Windows 7 ana danna F8 tun tana tashi, a zaɓi Mode sans échec, watau tashi da ƙaramin kaya, daga nan a yi aikin. Ana kuma iya shiga Panneau de configuration a duba jerin gyare-gyaren da aka zuba, kowanne da ranarsa, a cire na ƙarshe. In kuwa manhaja ɗaya ce ta sabunta kanta, sai a cire ta, a zuba bugu na ƙarshe da ya dace da uwar, daga shafin masu ita, sannan a hana ta sake sabunta kanta, in ba haka ba gobe ma a koma gidan jiya.

Sai dai akwai wani wuri mai santsi da ya kamata sakatarori da masu riƙe da kuɗi su lura da shi. Wasu manhajoji, musamman na lissafi da na rajista, idan sabon bugu ya buɗe kundin bayanai ko sau ɗaya, yakan sauya masa tsari. Daga nan tsohon bugu ba ya ƙara gane shi. An koma baya da manhaja, amma kundin ya riga ya yi gaba. Abin da yake ceto a nan shi ne kwafin da aka ɗauka kafin sabuntawa, ba bayanta ba. Ofishin da yake ɗaukar kwafi kowace Juma'a, ya ajiye a kile biyu, ɗaya a cikin ofis ɗaya a wani wuri, asararsa ba za ta wuce aikin mako guda ba. Manhajar da ma'aikatar gwamnati ta aiko kuwa, ba a sabunta ta ko a mayar da ita baya sai da sanin waɗanda suka aiko ta.

Wuta ma tana da nata hannu. Sabuntawar da aka yanke a tsakiya ta fi wadda ba a fara ba muni, gama an rushe tsohon ɗaki ba a gama sabo ba. Mutanen jahar Tawa ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agusta 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumin CEDEAO a ƙarshen Fabrairu 2024. Ko a lokacin lafiya, a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40, wuta takan ɗauke ba sallama. Bai kamata a fara sabuntawa ba sai batir a cike yake, ko kuwa akwai na'urar riƙe wuta a haɗe, kuma ba a ranar kasuwa ba, lokacin da jama'a suke cike da ƙofa.

Mai karatu yana iya cewa, to, tun da sabuntawa ce take kawo wannan wahala, me zai hana a rufe mata ƙofa har abada? Amsar tana cikin abin da ya faru ran 12 ga Mayu 2017. A ranar wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kama na'urori fiye da dubu 200 a ƙasashe wajen 150, ta kulle kundayen da suke ciki, masu ita suka nemi fansar dalar Amurka 300 a kan kowace na'ura. A Ingila asibitoci sun soke ganin marasa lafiya wajen dubu 19. Abin takaicin shi ne, Microsoft ta riga ta fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin annobar. Waɗanda suka sha wuya su ne waɗanda ba su zuba shi ba. Gaskiya ne kuma cewa sabuwar na'ura ma ba ta tsira ba: ran 19 ga Yuli 2024 wani gurɓataccen gyara na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da na'urori wajen miliyan 8 da rabi, jiragen sama suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Amma wancan an gyara shi cikin kwanaki, domin akwai masu kula da shi. Uwar da ta cika wa'adi ba ta da mai zuwa ceto.

Saboda haka komawa tsohon bugu jinya ce, ba warkewa ba. Tsohuwar na'urar da dole sai an riƙe ta, don wata manhaja ko wata na'urar buga takardu da ba ta aiki da sabuwa, gara a raba ta da intanet gaba ɗaya, a kuma hana kowa cusa mata kilen da ya yi yawo a shagunan buga takardu na birni. Wadda za ta shiga intanet kuwa tana bukatar uwa mai rai. Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda yawancin na'urorin zamanin Windows 7 ba su da shi. Amma akwai wata hanya da ba ta bukatar sayen sabon ƙarfe, ita ce Linux, uwar manhaja ta kyauta. Daga cikin ire-irenta akwai Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa kai a Faransa suka fara a 2011 musamman don rayar da tsofaffin na'urori, an kuma yi amfani da ita a ɗakunan koyon kwamfuta a Togo. Tana magana da Faransanci, tana zuwa da manhajar rubutu da ta lissafi. Aibinta shi ne manhajar da aka ƙera don Windows kaɗai ba lalle ta yi aiki a kanta ba, kuma ma'aikaci yana bukatar ƴan kwanaki kafin hannunsa ya saba. Birnin Tawa yana da Jami'ar Djibo Hamani, kuma ba a rasa matasa masu wannan sani a cikinsa ba. Abin da aka fi rasawa shi ne layi a cikin kasafin kuɗin komin wanda aka rubuta wa suna kula da na'urori. Ana karɓar kyautar kwamfuta da biki da jawabi, ba a tambayar shekarunta, ba a tambayar wa zai duba ta bayan masu kyautar sun tafi.

Ciwon bai tsaya a ofis ba. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, kuma gidaje da yawa a Bambeye suna da ɗa ko miji a Abijan, ko Legas, ko Libiya. Saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙar wanda bai yi karatu ba. Ta nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, ta nan ake faɗin an aiko da kuɗi. Daga ran 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai bugu na 5 ba. Wannan ba shi da gyara a wurin mai gyara, sai dai a kwashe hotuna da lambobi a koma wata waya. Masu zuba wa mutane jabun WhatsApp don a ci gaba da amfani da tsohuwar waya suna jefa su cikin haɗarin a rufe musu lamba ɗungum.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci kai tsaye, balle yanzu da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. A shekarun baya, masu buga littattafan Hausa da kwamfuta sukan yi dabara: su ɗauki wani harafi da ba a bukata, su sauya masa sura ya zama ƙ ko ɗ. Muddin wannan zanen haruffa yana cikin na'urar, rubutu yana fita daidai. Ran da aka sauya uwa, ko aka kai kundin wata na'ura, sai ƙasa ta koma wata alama da ba ta karantuwa, littafi guda ya cika da akwatuna. Rubutun bai ɓace ba. Ana iya nemo tsohon zanen a zuba, a ga wace alama ce take tsaye a madadin wane harafi, sannan a musanya su duka da haruffa na gaskiya. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna da gurbinsu a cikin tsarin duniya na Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma akwai zanen haruffa na kyauta da suke ɗauke da su, irin su Charis da Andika, wanda aka tsara shi musamman don masu koyon karatu. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Bayan kowane gyara, sakatare ya rubuta ƙasa, ɓera, ɗaki, ƴaƴa, ya aika wa wayarsa. Idan kalmomin huɗu sun iso da ƙugiyoyinsu, kundin zai karantu a Yamai kamar yadda ya karantu a Bambeye.